Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba



Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Hausa tsakanin shekarun 1980 da 1990 ya san irin matsayin da Amurka take da shi a zukatan matasa. In aka ce abu ɗan Amurka ne, to an gama yabonsa, ko da kuwa wandon gwanjo ne. Muna jin ta a rediyo safe da yamma tun da Muryar Amurka ta buɗe sashen Hausa a 1979, muna ganin ta a gidajen sinima da faifan bidiyo, ga dogayen benaye, ga tituna kamar an lashe, ga motoci na alfarma. Amma ni abin da ya fi kama mini zuciya shi ne alkawarin da ake cewa ƙasar ta ɗaukar wa ɗan Adam: wai can ba a tambayar ka ɗan wane ne kai, ba a neman wasiƙar wani babba kafin a ba ka aiki, in dai ka dage ka yi gumi to sai ka samu. Ɗan talakan da ya ga yadda ake raba guraben aiki a gida ta hanyar sanayya, dole wannan magana ta yi masa daɗin ji.

Na ci cacar bizar da Amurka take yi duk shekara, wadda a wancan lokacin 'yan Nijeriya suna cikinta, na ajiye allin koyarwa na sauka birnin Houston na jihar Texas a shekarar 2000. Yau fiye da shekara ashirin ke nan ina zaune a ƙasar. A cikinta na ƙaro karatu, a cikinta na haifi 'ya'yana, da dalarta na yi wa mahaifiyata rufin ɗaki, na kuma biya wa ƙannena kuɗin makaranta. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce butulci ne ke magana. Sai dai Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da na gani game da yadda wannan ƙasa take riƙe da talakanta ya daɗe yana ci mini rai, har na ga ya kamata in rubuta shi ga masu hangen ta daga nesa.

Talaka dai ko'ina akwai shi, ba Amurka ce ta ƙirƙiro shi ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a nan an ɗauki talauci tamkar laifin da mutum ya aikata da hannunsa. In ka rasa, to kai ne malalaci, ko ba ka da dabara, ko ka yi wasa da damarka. Da zarar an yarda da wannan magana, shi ke nan mai hali ya huta, hukuma ma ta huta, domin babu wanda yake jin nauyin mai laifi a wuyansa.

A makon da na sauka, wani dattijo ɗan Damagaram da ya ba ni masauki ya zaunar da ni bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, a ƙasar nan abu biyu za ka riƙa roƙon Allah Ya tsare ka da su: ciwo, da rashin aiki na wata biyu a jere. In ɗayansu ya same ka, za ka gane ba ka da kowa." Na ce, "Haba Baba, a Amurkar?" Ya yi murmushi kawai ya ce in ci tuwona kada ya huce.

Aikin da na fara samu shi ne na dare a wani gidan kula da tsofaffi: mu yi musu wanka, mu canza musu shimfiɗa, mu juya waɗanda ba sa iya juyawa. A lokacin mafi ƙanƙantar ladan da dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikaci dala 5.15 ne a awa ɗaya, mu kuma ana ba mu ɗan abin da ya ɗara haka kaɗan. Yawancin abokan aikina mata ne baƙaƙen fata da 'yan asalin Meziko. Akwai wata a cikinsu, ta kusa sa'ar yayata, tana da 'ya'ya uku, kuma ita kaɗai ke riƙe da gidan. Tana tashi daga wurinmu da ƙarfe bakwai na safe, ta hau bas zuwa wani otal ta yi gyaran ɗakuna har la'asar, ta koma gida ta yi barcin awa uku, ta dawo. Tana da ciwon sukari, amma allurar da aka rubuta mata ta wata ɗaya sai ta ja ta zuwa wata ɗaya da rabi, domin ba ta da inshorar lafiya. Wata rana da asuba jiri ya kwashe ta ta faɗi a gaban ɗakin magani. Na ruga zan kira motar asibiti, sai ta riƙe mini hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata tana roƙona kada in kira, wai kuɗin motar kaɗai ya fi albashinta na mako biyu. Lemon kwalba muka ba ta, ta zauna minti ashirin, ta tashi ta ci gaba da aiki. Wannan fa a birnin da yake tinƙaho da rukunin asibitoci mafi girma a duniya.

Mai karatu, ka tsaya ka duba wannan mata da kyau. Aiki biyu take yi, ba ta shan giya, ba ta caca, ba ta taɓa roƙon kowa ba. In da gumi ne ke fitar da mutum daga talauci kamar yadda aka faɗa mana, ai da tuni ta yi gida ta yi mota. An ɗaga mafi ƙanƙantar ladan nan zuwa dala 7.25 a shekarar 2009, kuma daga nan har 2025 majalisar tarayya ba ta ƙara ko sisi a kai ba, alhali kuɗin haya da na abinci sun yi ta hawa. Wasu jihohin sun ƙara nasu da kansu, amma Texas tana nan a kan na tarayya. Masu hidima a gidajen abinci kuwa, doka ta yarda a biya su dala 2.13 a awa tun 1991, a bar su su cike sauran da ɗan ihsanin da masu cin abinci suka ga damar bari a kan tebur. A 2023 kimanin mutum miliyan 26 ne ba su da inshorar lafiya a ƙasar, duk da dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta rage yawansu sosai. Dokar ta ba jihohi damar faɗaɗa shirin Medicaid na kula da lafiyar marasa ƙarfi, gwamnatin tarayya ce ma za ta biya kaso mafi tsoka, amma Texas da wasu jihohi suka ce ba sa so.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne shi kansa talakan ya haɗiye wannan hukunci. Na sha ganin mace a layin biyan kuɗi a kanti tana ɓoye katin tallafin abinci a tafin hannunta, tana waige-waige kamar wadda ta ɗauko kayan sata, na bayanta kuma suna leƙa kwandonta su ga ko ta sayi abin da bai dace da talaka ba. Wannan kallo yana da tarihi. A yaƙin neman zaɓen 1976 Ronald Reagan ya yi ta yawo da labarin wata mata a Chicago da ta damfari hukuma ta hanyar kuɗin tallafi, har labarin mace ɗaya ya zama tambarin da aka buga wa miliyoyin iyaye mata. Shekara ashirin bayan haka, a 1996, Shugaba Bill Clinton, wanda jam'iyyarsa ce ake cewa ta talakawa, ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade cewa iyali ba za su karɓi tallafin kuɗi na tarayya fiye da shekara biyar ba a duk tsawon rayuwarsu. Ka ga ke nan abin bai tsaya ga jam'iyya ɗaya ba.

Duk wannan a ɓoye yake tafiya, a unguwannin da baƙo ba ya zuwa, har sai da ruwa ya tona asiri a 2005. Ranar 29 ga Agusta guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudu, katangun da aka gina don tare ruwa daga birnin New Orleans suka ɓalle, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin. Kwana ɗaya kafin nan magajin gari ya ba da umarnin kowa ya fice. Masu mota suka zuba kaya suka fice, suka kama ɗakuna a otal-otal na garuruwan da ke kan tudu. To amma wanda ba shi da mota fa? Kusan gida ɗaya cikin huɗu a birnin ba su da ita. Ga shi kuma ƙarshen wata ne, lokacin da aljihun talaka ya bushe yana jiran ɗaya ga wata. Umarnin fita aka ba su, ba a ba su abin fita ba. Dubban mutane suka tattaru a babban filin wasa na Superdome da zauren taron birnin, kwana da kwanaki cikin zafi da wari, ba isasshen ruwan sha, ba magani, tsofaffi suna mutuwa a kan kekunan guragu. Wasu suka hau rufin gidajensu suna ɗaga tsumma ga jiragen da ke wucewa. Waɗanda suka yi ƙoƙarin tsallaka gada da ƙafa zuwa garin Gretna, 'yan sanda suka tare su, har da harbi a sama, suka mayar da su. Fiye da mutum 1,300 ne suka rasa rayukansu a wannan bala'i.

Ina zaune a ɗakina a Houston ina kallon talabijin, sai ga kiran waya daga Kano. Mahaifiyata ce, an nuna mata hotunan a gidan maƙwabta. Ta ce, "Wai ni ɗan nan, wace ƙasar Afirka ce wannan ake nunawa?" Na ce, "Inna, nan ne Amurka, tafiyar awa shida ce daga inda nake." Ta yi shiru, can ta ce, "To ina gwamnatinsu?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Shugaba George Bush ya ratsa ta saman birnin a jirginsa ranar 31 ga wata, aka ɗauke shi hoto yana leƙowa ta taga. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta tarayya, Michael Brown, sai da ya ajiye aiki a watan Satumba saboda surutun jama'a. Ƙasar da a daidai wannan lokaci take iya kai dakaru da abincinsu da ruwan shansu har Bagadaza da Kabul, ita ce ta kasa kai ruwan gora ga 'yan ƙasarta a cikin gida.

Da aka fara kwaso mutanen a bas-bas zuwa Houston, aka sauke kimanin 25,000 a filin wasa na Astrodome da gine-ginen da ke kewaye da shi. Ni da wasu 'yan uwa daga masallacinmu muka je aikin sa kai na 'yan kwanaki, muna raba barguna da abinci. Ban taɓa mantawa da wani tsoho da na tarar zaune a bakin gadon tafi-da-gidanka ba, yana riƙe da jakar leda da takardunsa a ciki, duk sun jiƙe sun manne. Ya ce mini shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa, kuma ya yi wa ƙasar yaƙi a Biyetnam. Abin da yake ta maimaitawa shi ne a rediyo an kira su 'yan gudun hijira. Ya ce, "Ɗana, kai da ka zo daga wata ƙasa, faɗa mini, mutum yana zama ɗan gudun hijira a ƙasar da kakan kakansa ya nome ta?" A cikin makon ne uwar shugaban ƙasa, Barbara Bush, ta zagaya wurin, ta faɗa wa 'yan jarida maganar da ma'anarta ita ce, tunda dai yawancin mutanen dama can marasa galihu ne, ai wannan zama ya yi musu daidai. A cikin makon ne kuma aka yi ta cece-ku-ce a kan hotuna biyu da kafafen labarai suka fitar: baƙin saurayi cikin ruwa da kayan abinci aka rubuta ya wawushe kanti, fararen fata biyu cikin ruwa da kayan abinci aka rubuta sun samo burodi.

Wani zai ce ai wannan tsautsayi ne na rana ɗaya. To mu duba abin da ya biyo baya. A 2008 manyan bankunan ƙasar suka jefa kansu cikin rami saboda cacar da suka yi da basussukan gidaje. Cikin 'yan makonni majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto su. Ba wanda ya tsayar da shugabannin bankunan a layi ya leƙa kwandonsu. Su kuwa masu ƙananan gidajen da aka lallaɓa suka ci bashin da ruwansa ke hawa, miliyoyinsu aka ƙwace gidajen. A lokacin ina tuƙin tasi, na sha ratsa unguwanni in ga katifu da kujeru da kayan wasan yara a zube a bakin titi, alamar an fitar da wani iyali. In mai kuɗi ya yi ɓarna sai a ce tattalin arziki ne ya girgiza, in talaka ya kasa biya sai a ce ba shi da tsari.

A 2014 aka sake ganin irin wannan a Flint ta jihar Michigan, gari mai kimanin mutum 100,000, yawancinsu baƙaƙe, da yawansu matalauta. Don a rage kashe kuɗi, jami'an da jiha ta ɗora wa garin suka mayar da ruwan famfonsa zuwa kogin Flint ba tare da sa maganin da ke hana bututu zaizayewa ba. Ruwan ya riƙa fitowa ja-ja yana wari, mutane suka yi ta kuka, aka ce musu lafiyarsa ƙalau. A watan Oktoba na shekarar kamfanin motoci na General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa saboda yana sa sassan inji tsatsa. Ruwan da aka ga bai dace da ƙarfe ba, shi yara suka ci gaba da sha kusan shekara guda bayan haka, har sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito a 2015 da shaidar cewa gubar dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. A ƙarshen 2017 kuma wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsanancin talauci, Philip Alston, ya zagaya ƙasar, ya je karkarar jihar Alabama ya tarar da gidajen da ƙazantar bayan gida take kwarara a fili a bayan ɗaki, domin masu gidan ba su da kuɗin gina ramin da doka ta ce su gina.

Tunda an ɗauki talauci laifi, ba abin mamaki ba ne a ga ana hukunta shi. Kusan mutum miliyan 2 ne ke tsare a gidajen yarin Amurka, kuma a cikinsu akwai dubban ɗaruruwa da kotu ba ta same su da laifin komai ba tukuna, da yawansu kuɗin beli ne kawai ya gagare su. A 2010 aka kama wani yaro ɗan shekara 16 a New York, Kalief Browder, bisa zargin satar jakar goyo. Aka sa belinsa dala 3,000, iyalinsa ba su da ita. Ya shekara uku a kurkukun Rikers ba a yi masa shari'a ba, kusan biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici, sannan aka janye ƙarar a 2013 aka ce ya tafi gida. Bayan shekara biyu ya kashe kansa. Da ɗan mai hali ne, da a gidansu zai kwana tun daren farko.

Haka abin yake ga marasa muhalli. A ƙidayar da gwamnati ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024, an sami fiye da mutum 770,000 da ba su da wurin kwana nasu. Wasu na ƙarƙashin gada, wasu a tantuna, wasu a cikin motocinsu, kuma a cikinsu akwai masu tashi da safe su tafi aiki. A watan Yuni na wannan shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass cewa birni yana da ikon cin tarar mutum ko ɗaure shi don ya kwana a waje, ko da kuwa babu gadon da za a ba shi a gidan marasa galihu. Wato wanda ba shi da kuɗin haya, a ci shi tarar da ba zai iya biya ba, in ya kasa a kai shi kurkuku, in ya fito da tabon kurkuku ba mai ba shi aiki ko haya. Ina mafita a nan?

Akwai wata sana'ar talaka da ban taɓa jin labarinta ba sai da na zo. A unguwannin marasa ƙarfi za ka ga wasu gine-gine masu tsabta da layi a ƙofarsu tun da sassafe. Wurin sayar da ruwan jini ne, wanda likitoci ke kira filasma. Dokar Amurka ta yarda mutum ya bayar har sau biyu a mako a biya shi, abin da yawancin ƙasashe ba su yarda da shi ba, shi ya sa kaso mafi yawa na filasmar da duniya ke haɗa magani da ita daga nan take fitowa. Na ɗauki fasinjoji da yawa zuwa irin waɗannan wurare, ɗalibai da iyaye mata da tsofaffin sojoji. Wani ya taɓa ce mini da kuɗin ranar Talata yake sayen mai, da na ranar Juma'a yake biyan wuta.

Mai karatu zai iya tambaya, shin ko dai abin ne ya fi ƙarfin gwamnati? Amurka da kanta ta amsa wannan tambaya sau biyu. A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar da yaƙi da talauci, aka kafa shirin tallafin abinci, a 1965 aka kawo Medicare na tsofaffi da Medicaid na marasa ƙarfi. Yawan matalauta ya sauko daga kashi 19 cikin ɗari a 1964 zuwa kashi 11.1 a 1973. Ka san nawa ne a 2023, bayan shekara hamsin cif? Kashi 11.1, wato mutum miliyan 36.8. Sai kuma a 2021, lokacin annobar korona, da majalisa ta faɗaɗa tallafin yara, aka riƙa tura wa iyaye dala 250 zuwa 300 a kan kowane yaro duk wata daga Yuli zuwa Disamba. Talaucin yara ya faɗo zuwa kashi 5.2, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Na ga abin da idona a gidajen maƙwabtana: an biya bashin haya, an sayi takalman makaranta, firji ya cika. Da shekara ta ƙare majalisa ta ƙi sabunta shirin, a 2022 adadin ya haura zuwa kashi 12.4. An gwada magani, an ga yana aiki, aka rufe kwalbar aka mayar da ita kabad.

Kuma ba rashin kuɗi ba ne. Ƙasar ta kashe fiye da dala biliyan 800 a kan harkar soja a 2023 kaɗai. Alƙaluman babban bankinta sun nuna mutum ɗaya cikin ɗari na sama suna riƙe da kusan kashi 30 na dukiyar ƙasar, rabin jama'a na ƙasa kuwa gaba ɗayansu abin da ke hannunsu bai kai kashi 3 ba. A watan Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta tsawaita rangwamen harajin da masu hali suka fi cin moriyarsa, ta kuma zaftare kuɗin Medicaid da na tallafin abinci. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar da kansa ya ƙiyasta cewa dokar za ta ƙara kimanin mutum miliyan 10 a kan marasa inshorar lafiya nan da 2034.

Adalci ne in faɗi cewa Amurkawa da yawa wannan hali yana damun su fiye da yadda yake damu na. A Astrodome na ga likitocin da suka rufe asibitocinsu suka zo suna duba mutane kyauta, na ga matan coci da suka kwana uku ba su runtsa ba, na ga iyalan da suka ɗauki baƙin da ba su taɓa gani ba suka kai su gidajensu. A kowane gari akwai rumbunan abinci na sadaka da 'yan sa kai ke gudanarwa. Kuma kada a manta abin da ya kai Martin Luther King birnin Memphis, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilun 1968: ya je mara wa masu kwasar shara baya ne, su kimanin 1,300 da suka shiga yajin aiki bayan motar shara ta murƙushe biyu daga cikinsu da suka fake a bayanta saboda ruwan sama. A lokacin yana shirin tattaro matalautan ƙasar, baƙi da fari, su yi zaman dirshan a Washington. Yau ana hutu da sunansa duk watan Janairu, ana ta maimaita mafarkinsa na daidaiton launin fata, amma maganarsa ta ƙarshe a kan albashi da gidaje da abinci, ba kasafai ake tuna ta ba. Mutanen kirki suna nan da yawa, sai dai sadakar mutum ɗaiɗai ba ta iya toshe ramin da doka ta haƙa.

Ba kuma ina cewa gida ya fi ba ne. Na san yaran da ke yawo da kwano a titunan Kano, na san asibitin da sai ka sayi safar hannu kafin a taɓa majinyacinka, kuma talakan Houston yana da wutar lantarki da ruwan famfo da talakan ƙauyenmu bai taɓa gani ba. Amma mu a gida in mutum ya rasa, ana cewa Allah bai ba shi ba, ko shugabanni sun cinye, kuma in ya shiga taro ana matsa masa ya zauna, in an ɗaura aure ana ba shi goro, in ya mutu unguwa ce ke binne shi. A nan wanda ya rasa, har da mutuncinsa yake rasawa, ya kulle ƙofa ya ji kunya shi kaɗai. A gidan tsofaffin da na yi aiki akwai waɗanda suka shekara ba wanda ya leƙo su, in sun cika mu ma'aikatan dare ne muke rufe musu ido. Mu ƙasarmu tana iya fakewa da cewa rumbun ne ba kowa a ciki, ko da rabin maganar ƙarya ce. Amurka rumbunta a cike yake har yana zuba.

Abin da ya sa na ga wajibi ne in yi wannan rubutu shi ne na fara jin irin wannan harshe a bakin wasu 'yan bokonmu da masu kuɗinmu, cewa talaka shi ya so, wai kowa tashi ya fisshe shi, wai taimako yana lalata mutane. Daga nan aka aro wannan magana, kuma ni na zauna a inda ta yi shekara da shekaru tana aiki, na ga abin da ta haifar. In za mu kwaikwayi Amurka, akwai abubuwa da yawa na kwaikwayo: ɗakunan karatunta na kyauta, riƙon lokaci, yadda ɗan jarida ke tsayar da shugaban ƙasa ya yi masa tambaya. Wannan ɗaya dai a bar musu kayansu.

Ga ƙannena masu shirin tahowa kuwa, ba zan ce kada ku zo ba, domin arziki na Allah ne kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Ku dai zo da sanin cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ku zo da sana'a ko takardar karatu a hannu, ku nemi 'yan uwa ku riƙe su tun kafin buƙata ta taso, ku yi asusu tun daga albashin farko, kuma duk aikin da za ku karɓa ku fara tambayar ko yana da inshorar lafiya kafin ku tambayi nawa ne a awa. In Allah Ya buɗa muku, ku tuna da wadda take gyara muku ɗaki a otal da wanda yake wanke muku mota, ku gaishe su da sunansu, ku ba su haƙƙinsu da daɗi.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba shugabanni tausayin na ƙasa da su, a can da nan baki ɗaya. Wassalam.